Direban da ke nuna kujeru da yatsa

Mun tashi da asuba daga flat ɗinmu na unguwar Gorton a Manchester ana yayyafi, ni da maigida da 'yarmu mai shekara huɗu. Wurin aikinsu ne suka tura shi taro Japan, ya ce ba zai bar mu ba. Kafin tasi ta kai mu filin jirgi sau uku ina buɗe jaka ina duba inhela, abin shaƙar magani, don yarinyar tana da asma, kuma likitanmu ya ja mini kunne kada in fita ko ƙofar gida ba tare da ita ba. Yayata da ke Aston a Birmingham kuwa dariya ta yi mini a waya: "Ke da ko Birmingham ba kya iya zuwa ke kaɗai, wai Japan!"

Da aka gama taro muka wuce wani ƙaramin gari na hutawa a cikin duwatsu, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Har ta kwalbatin titi tururi ke fita. Ko ledar alewa ban gani a ƙasa ba, alhali kwandon shara sai an sha nema. Abincinmu kifi ne da shinkafa, sai dunƙulen shinkafa naɗe da baƙin ganye da muke saye a shago, bai kai kuɗin burodi a Manchester ba. Yajin da na ƙullo ya yi mini rana.

Kwana na biyu aka kira maigida wani taron ta kwamfuta. Na ce zan kai yarinya can sama, inda ake tsoma ƙafa a ruwan ɗumi. Ya ce, "Ke kaɗai?" Na ce bas ne fa. Na sa inhela ɗaya a jaka, na bar ɗayar a otal.

Bas na tsayawa na nufi ƙofar gaba yadda muka saba. Direba ya gitta hannayensa a ƙirji, ya nuna mini baya. Ashe a can ta baya ake shiga, a zari 'yar takarda mai lamba, sai za a sauka a dubi allon gaba a ga kuɗin lambar, a zuba a akwati kusa da direba. Ciki tsit, ba mai waya. Shi direban, da farar safar hannu, kafin ya tashi sai ya nuna madubi da yatsa, ya nuna ƙofa, ya nuna hanya, yana magana shi kaɗai. Na danne dariya, na ce wannan bawan Allah lafiya kuwa?

Wurin sauka na rikice da tsabar kuɗinsu, wata ma da huda a tsakiya. Na ajiye jaka a kujera don in ƙirga, mutane na tsaye a bayana ba wanda ya yi tsaki. Kunya ta sa na zuba, na ja hannun yarinya muka fice.

Ba mu yi minti goma da tsoma ƙafa ba iska ta kaɗo warin wurin, kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ta fara tari, ƙirjinta ya soma fito. Na kai hannu kafaɗa, ba jaka. Wayata ce kawai a aljihu, ta maigida a kashe. Otal tafiyar minti arba'in, ba tasi ko ɗaya.

Wata tsohuwa mai malafa ta ga ina kuka. Na kwatanta mata shaƙar magani da hannu, na nuna hanyar da bas ya bi. Ta janye mu daga tururin zuwa rumfar tasha, ta buga lambar da ke jikin allo, tana magana tana russunawa kamar mutumin na gabanta. Sannan ta ɗora yatsa kan jadawali, ta nuna agogonta: sha ɗaya da minti arba'in da biyu. Saura minti sha takwas. A wurinmu jadawalin bas ado ne. Na zaunar da yarinya a miƙe, ina ƙirga mata numfashi yadda nas ta koya mini, ina karanta duk addu'ar da na iya.

Wallahi daidai mintin bas ɗin ya kunno kai. Direban nan ne ya sauko da jakata riƙe da hannu biyu. Na ba yarinya magani, ya tsaya a kanmu har fiton ya lafa. Tsohuwa ta yi magana a wayata aka fassara: tun kafin ta buga direba ya tsinci jakar, don a ƙarshen hanya sai ya bi kujeru ɗaya bayan ɗaya yana nunawa da yatsa. Na zaro kuɗi in ba shi na goro, ya sake gitta hannaye. Muka shiga, ta baya wannan karon. Wani fasinja mai ɗan Turanci ya ce mini direba yana ba su haƙurin lattin minti biyu.

Mun dawo Manchester lafiya, ranar Litinin muka jira bas a cikin ruwa har na daina duba agogo. Abin da na koyo shi ne duk dube-duben da nake yi cikin tsoro ido ne kawai ke kallo, hankali na wani wuri. Yanzu kafin mu fita sai in tsaya a ƙofa in nuna da yatsa, in faɗa da ƙarfi: inhela, makulli, waya. Jiya na gama, yarinyar ta nuna ƙirjinta ta ce, "Mami, saura ni."