Faifai Biyar na Chet Dubicki

Chet Dubicki bai taɓa kaɗa jita ba, bai taɓa riƙe sandar ganga ba, ko a coci ma ba ya cikin masu waƙa. Amma kusan duk faifan kiɗan pank, kiɗan nan na samari mai gudu da ihu, da muka yi a garin Toledo na Amurka a shekarun 1980, ta hannunsa ya bi. Shi ke buga mana rigar faifai da takardar baitocin da ake zurawa a ciki.

Mahaifinsa na da ƙaramar maɗaba'a a unguwar 'yan asalin Poland, shago ɗaya mai warin tawada da kananzir. Katin jana'iza suke bugawa, da sanarwar coci, da gayyatar aure. Chet ya shiga shagon tun yana makaranta, bai fita ba sai da furfura. Dogo ne mai ranƙwafaffiyar kafaɗa, ƙarƙashin faratansa kullum baƙi ƙirin. Yana da in'ina mai tsanani, irin wadda kafin ya kai ƙarshen sunansa mai tambaya ya gaji ya kama gabansa. Shi ya sa tsohon ke tsayawa wurin karɓar aiki, shi kuma yana can baya da inji.

Ni da Noreen Szabo muka fara kai masa aiki, a bazarar 1982. Ni ke kaɗa ganga a ƙungiyarmu mai suna Tsatsa, ita ke waƙa. Tare muka tashi a layi ɗaya. Mun ɗauki waƙa shida da dukansu ba su cika minti tara ba, don kuwa haka kiɗan namu yake, gudu da ihu, a fara a gama kafin mutum ya gyara tsayuwa. Tsohon ya sa tabarau ya karanta baitocin har ƙarshe, sannan ya turo mana takardar da yatsa ɗaya. Ya ce injin da ke buga sunayen mamata ba zai buga ashar ba.

Mun kai bakin titi sai muka ji takun mutum a bayanmu. Chet ne, da rigar aiki a jikinsa. Ya tsaya yana kokawa da kalma, wuyansa na motsi. Na buɗe baki zan taya shi, Noreen ta take mini ƙafa. Can ya ce, "Lahadi." Ashe kowace Lahadi bayan coci tsohon kan tafi cin abincin rana gidan ƙanwarsa, ba ya dawowa sai yamma. Cikin Lahadi uku Chet ya buga mana riguna ɗari uku, mu kuma muka zauna a ƙasa muna ninkewa muna mannawa.

A wancan lokacin, da rana muke wasa, ƙarfe biyu, a zauren tsofaffin sojoji, saboda yawancin masu zuwa shekarunsu ba su kai na shiga mashaya ba. Noreen ta gayyaci Chet, ba mu zaci zai zo ba. Sai ga shi da kwat ɗin zuwa coci, ya girmi kowa a zauren da shekara biyar ko shida. Ya tsaya can baya jikin bango, samari na ta bangazar juna a gabansa, wasu na hawa dandali suna faɗowa kan 'yan'uwansu. Zuwansa na uku turereniya ta kawo shi gaba ba da son ransa ba. Noreen na da al'adar miƙa makirfo cikin jama'a kowa ya kama baiti, ranar sai ya faɗa daidai bakin Chet. Ya kwarara baitin nan tun daga farko har ƙarshe, babu tuntuɓe ko ɗaya. Ai shi ya jera haruffansa ɗaya bayan ɗaya, ya fi mu haddace shi. Noreen ta yi ta dariya har baiti na gaba ya wuce ta. Shi kuwa ya koma jikin bangonsa, kunnuwansa jawur.

Daga nan duk wanda ya yi faifai a garin, ko a ƙauyukan kewaye, wurin Chet yake nufa. Tsohon ya gano, don wata Litinin ya tsinci gurɓatattun kwafi a kwandon shara. Mako guda bai yi wa ɗansa magana ba. Ranar da ya buɗe baki kuwa, sai ya ɗaga wata rigar faifai a hasken taga ya ce tawadar ta yi kauri, idan mutum zai yi abin kunya ma ya yi shi da kyau. Ya nuna masa yadda ake sassauta ta. Bai taɓa yarda ya saurari faifai ko ɗaya ba har ya mutu, amma bai sake hanawa ba. Cikin kowane aiki Chet kan ware faifai guda ya sa a akwatin katako ƙarƙashin teburin yanka takarda.

A 1984 muka yi abin da har yau ba na son tunawa. Wani mai ƙaramin kamfanin faifai a California ya rubuto mana cewa kiɗanmu ya yi, amma muryar mace ba ta dace da shi ba, idan mun sami namiji zai fitar mana da faifai. Mu ukun nan mazan ƙungiyar muka zauna muka yanke a cire Noreen, babu wanda ya yi musu. Ni aka aika in faɗa mata, wai don ni ne abokinta tun yarinta. Na same ta a gidan wanki da guga inda take aiki, tana ninke zannuwan gado. Na yi ta kewaye-kewaye, ita kuma ba ta daina ninki ba. Da na gama ta ce, "Ka kwashe gangunanka daga garejin kawuna kafin Asabar." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Mutumin California bai ƙara amsa wasiƙarmu ba. Muka yi faifai na biyu da kanmu da sabon mawaƙi, kuma gaskiya ya yi kyau, kiɗan a ɗaure tamau, har mujallun wasu garuruwa suka yaba. Noreen kuwa ta haɗa kai da wasu 'yan mata biyu, ya da ƙanwa, waɗanda ba su fi wata huɗu da fara taɓa kayan kiɗa ba. Suka sa wa kansu suna Takardar Sallama. Faifai ɗaya suka yi, waƙa huɗu, mai gangar na gudu tana barin mai jita a baya. Mun yi musu dariya son ranmu. Chet ne ya buga nasu, shi ya buga namu, bai ce wa kowa komai ba.

Kafin 1988 abin ya watse. Faɗa ya yi yawa a wurin wasa, tsofaffin sojoji suka hana mu zaurensu, wasu suka yi aure, wasu suka bar gari neman aiki. Noreen ta koma Dayton. Ni na kama tuƙin motar kai kaya. Chet ya gaji shagon, ya riƙe shi shekara goma sha shida yana kallon aiki na raguwa, don kowa ya sami injin bugawa a gidansa. A 2004 ya rufe. Daga baya ya sami aiki a kantin ƙusa da fenti, inda ba a bukatar dogon bayani. Yana da shekara arba'in da bakwai ya auri Bernice, wata ma'aikaciyar jinya da mijinta ya rasu, mace mai baki, wadda ta ce tun ranar farko wannan ba kiɗa ba ne, faɗan karnuka ne a cikin garwa. Ta yarda ya riƙa sa faifansa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, da sharaɗin ƙofa a rufe.

Shekara goma da suka wuce wata ma'aikaciyar laburare ta shirya baje kolin kayan tarihin kiɗan garin. Kowa ta tambaya sai ya ce ta je wurin Chet, shi kaɗai ke da komai. Ta roƙe shi ya ba da aron akwatin, ya kuma zaɓi faifai biyar da ya fi so, a sa su daban cikin gilashi. Na ji labarin na yi murmushi, don ban yi shakkar cewa namu na biyu ne zai zo farko ba. Wa ya kai shi asibiti ranar da motarsa ta lalace? Wa ya tsaya masa a ɗaurin aure?

Da jerin ya fito a jaridar unguwa na karanta sau biyu. Akwai na ƙungiyar Karen Gada, 'yan tsallaken kogi, wanda aka ɗauka da makirfo ɗaya a ɗakin girki, har ana jin maƙwabci na dukan ƙofa a ƙarshen waƙa ta uku. Akwai na wasu 'yan sakandare da ba su yi ko wata shida tare ba. Biyu na tsakiya ban yi mamakinsu ba. Na ɗaya kuwa Takardar Sallama. Tsatsa babu, ko na farko ko na biyu.

Na same shi a ɗakin girki yana cin miyar kabeji. Na ajiye jaridar gabansa na ce, "Mutumina, me na yi maka? Har 'yan matan da ba su iya ƙirga huɗu ba sun fi mu?"

Bernice ta ce daga wurin wanke-wanke, "Rollie, ka zauna ka ci abinci. Tsoho da kai kana kishi da faifan roba."

Tsufa ya sassauta wa Chet in'ina, amma har yanzu sai an yi haƙuri da shi. Ya ajiye cokali. A hankali ya ce namu ya fi kowanne iya kiɗa, wannan babu gardama. Amma idan ya sa shi, mutanen California yake ji, ba mu ba. Na Noreen kuwa garin nan yake ji a ciki. Ya tambaye ni ko na taɓa sauraron waƙa ta biyu. Na ce ai ba a jin abin da take faɗa. Ya ce a kan babanta ne, da aka sallame shi daga masana'antar gilashi, ya yi wata biyu yana fita kowace safiya da kwanon abincinsa ya je ya zauna bakin kogi, don kada matarsa ta sani.

Bernice ta goge hannu ta zauna. Ta ce lokacin da ta fara sanin Chet, shagon ya yi kusan shekara a rufe, an sayar da injin, amma kullum ƙarfe bakwai yana can, zaune kan kujera cikin ɗakin da babu komai. Ta taga ta hango shi. Chet bai ɗago kai ba. Ya ce ya jera haruffan waƙar nan yana saurayi bai san me take nufi ba, sai bayan shekara ashirin.

Amma bakina bai mutu ba. Na ce to duk shekarun nan me ya hana shi gaya mini.

Ya dube ni ya ce, "Ba ka taɓa bari na gama magana ba."

Babu fushi a muryarsa. Bernice ta zuba mini miya, na ci ban ji ɗanɗanonta ba.

Noreen ta zo ranar buɗe baje kolin, wata Asabar da hantsi. Ta yi ƙiba, gashinta ya yi fari, tana aiki a asibitin haƙori, 'yarta har ta gama jami'a. Ta tsaya gaban gilashin ta daɗe. Ta ce ita ba ta da ko kwafi ɗaya, ranar da za ta bar gari ta kai sauran kwalayen juji, don ta ɗauka babu wanda ya so shi. Chet ya yafito ma'aikaciyar, ya sa ta buɗe gilashin. Matar ta yi ta cewa ai yanzu aka fara baje kolin, sauran makonni shida, shi kuwa ya zaro faifan ya danƙa wa Noreen, ya ce a bar rigar kawai a gurbinsa. Noreen ta rungume shi har tabaransa ya karkace.

Na tare ta a bakin ƙofa na ce mata abin da muka yi ba daidai ba ne, kuma ni na fi kowa laifi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Shekara talatin kana haɗa maganar nan, iyakarta ke nan?" Sannan ta miƙo mini jakarta in riƙe mata zuwa mota. Ba mu koma yadda muke ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma takan kira ni lokacin Kirsimeti, kuma ita ta gaya mini cewa da ta sa faifan a gida, 'yarta ta leƙo ta ce wace mahaukaciya ce wannan.

Bara gwiwoyin Chet suka ƙi hawa bene, suka sayar da gidan suka koma wani ƙaramin ɗaki kusa da ƙanwar Bernice, inda bango ɗaya ya raba su da maƙwabta. Ya bar wa laburaren akwatin kacokan. Ranar Laraba yakan hau bas ya je, su sa masa abin saurare a kunne, ya zaɓi faifai biyu ko uku. Masu karatu sun kai ƙara sau da yawa cewa tsohon nan na buga ƙafa a ƙasa, don haka aka mayar masa da kujerarsa can lungu, wurin da aka shimfiɗa darduma.