Na Je Ɗauko Yaya, Na Dawo da Kanta

Duk Unguwar Shanu an san bakina: jaki ma in na lallashe shi sai ya hau keke. Shekarar da ta biyo bayan babban fari, labari ya zo cewa rumbun Yaya Audu saura geron iri kawai. Na samo masa aikin gadi a nan Kaduna, na ce wa matata Ladi ta share ɗaki, da shi zan dawo.

Kawo zuwa Dutsin-ma

Ana kiran asalatu na isa tashar Kawo, na hau wata motar katako wadda tarinta ya fi gudunta. A Zariya ƙasa jiƙe sharkaf. A Funtuwa na ci tuwo, ɗan sanda ya leƙo ya ce, "Arewa za ku? Ku gaida rana." Daga nan ciyawa ta ɗauke. Daga Dutsin-ma, sauran hanya a ƙafa na ƙarasa.

Ƙauyenmu

Washegari da safe na iske Yaya a gona da sungumi yana binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa.

"Haba Yaya, irin ƙarshe kake zubawa a toka? Taso mu tafi Kaduna."

"In tsare ƙofar wani, wa zai tsare tawa? Karɓi ƙwarya, Sule. Uku na kasa irin. Wannan na binne ne, in ruwa ya yi sammako na riga kowa. Na biyu sai ƙasa ta jiƙe kamu guda. Na uku yana tukunya, na yaɓe bakinta, ko kukan yara bai buɗe ta. Bara sama ta ruɗe ni na zuba duka. Bana sai ta ruɗe ni sau uku."

Na bi shi ina wa'azin famfo da lantarki. Yana sara, ina jefa iri ina takewa. Kafin wa'azina ya ƙare gona ta ƙare. Da la'asar hadari ya haɗu baƙi ƙirin, iska ta watsa shi. Yaya ya ɗaga kai ya ce masa, "Je ka dawo, muna nan!"

Gida

Na sauka Kawo ana ruwa kamar da gayya, diddigena duk kanta. Alhamdu lillahi, na zo lafiya. Ladi ta leƙa bayana, ba kowa.

"Sannu, Malam. Ka je ɗauko manomi, ya ɗauke ka ƙodago kyauta."