Haƙorin Malam Labbo da Azumin Litinin

Duk wanda ya tashi a Dakko ya san muryar Malam Labbo, mai koyar da karatun Alƙur'ani a zauren gidansa. Mutum ne marar hayaniya, kuma tun yana saurayi azumin Litinin bai taɓa wuce shi ba.

Ana nan sai haƙorinsa na gaba, wanda harshe ke taɓawa wajen fitar da wasu haruffa, ya ruɓe daga saiwa har wurin ya kumbura. A wani asibiti a Talata Mafara likita ya ce za a iya ceto shi: a tsaga dasashi, a yanke ƙarshen saiwar, a wanke da magani, a ɗauraye, sannan a liƙe. Ranar aikin kuwa sai ta faɗo Litinin.

Da aka zo ɗauraya, Malam ya ɗaga hannu. "Likita, ruwan ga ya isa haka nan, ina azumi."

"Baba, in maganin ya saura a ciki, liƙin ba zai kama sosai ba."

"Allah shi yi maka albarka, ɗana. Liƙe kawai."

Likitan sa'an ɗansa ne. Ya ji nauyin furfura, ya liƙe.

Bayan damina kumburi ya dawo, dole aka cire haƙorin. Malam bai zargi kowa ba. Yanzu idan karatu ya zo kan harafin da ya daina fita daidai, sai ya yi shiru, ya dubi ɗansa Zaharaddeen, shi ya furta wa ɗalibai.