Tambayar da ɓerayena ba su amsa ba

Ina cikin alwalar la'asar Yaya Hajara ta jawo ni bayan rumbu.

Hutu na zo Yargalma daga jami'a, inda muke ba 'ya'yan ɓeraye ruwa mai dalma, mu duba yadda ƙwayoyin gado ke aiki a marainansu suna tasowa. Ashe ta ji ina yi wa mijinta bayani.

"Ɓerayen da kunka ba dalma, suna aihuwa in sun girma?"

Na ce wasu kan samu matsala, amma ɓera ba mutum ba ne.

"Ba ɓera nika tambaya ba. Wancan."

Ta nuna ɗanta na fari da baki. Gubar dalma ta kwantar da shi shekarar da muka yi ta binne yara, Allah ya tashe shi. Tunda ta haife shi, kunya ba ta taɓa barinta ta kama sunansa ba.

"Yaya, wallahi ban sani ba tukuna."

Ta riƙe hannuna gam. "To koma ka sano. Ka rubuta ga takardarka: Bashiru."

Jama'a, da ku ne, me za ku ce mata?