Muryata a Wayar Mama Saratu

Ina tsugune a bakin famfo ina wanke-wanke da la'asar na ji muryata tana fitowa daga ɗakin Mama Saratu, alhali bakina a rufe yake.

Mama Saratu maƙwabciyarmu ce a gidan haya a Rafin Guza, tsohuwar malamar firamare, 'yar kudancin Kaduna. Ba ta iya kara waya a kunne idan saƙon murya ne, sai ta ƙure sauti duk gidan ya ji. Na ji muryar tana cewa, "Mama ina wuni, ya gida, ya yara? 'Yarki ce daga ƙungiyar mata. Muna gyara guruf ne, za a turo miki lambobi shida yanzu, don Allah ki turo min su kada a cire ki."

Ta ɗaga labule tana dariya. "Injiniya, zo ki ji wata mai ladabi, muryarta sak taki."

Na ce, "Mama, kin tura lambobin?"

"Tun ɗazu. Na yi daidai ko?"

Na san abin da lambobin nan suke yi. Na san idan na karɓi wayar a lokacin zan iya ƙwato mata komai kafin a yi ɓarna. Amma idan na yi haka, dole ta tambaye ni yadda aka yi na sani. Na kalli kumfar da ke hannuna na ce, "Eh, Mama."

Ƙannena mata, musamman masu son kwamfuta irina, ku na zauna na rubuta wa wannan. Ku yi haƙuri idan labarin bai fito a tsare ba.

Ni ba 'yar iska ba ce tun farko. Na gama sakandare da sakamako mai kyau, sai dai babu halin jami'a. Babanmu ya rasu, Umma ce ke riƙe da mu da suyar waina a bakin titi. Mama Saratu ce ta ji labarin wata cibiya a Abakpa da ke koya wa 'yan mata kwamfuta kyauta. Ita ta raka ni da ƙafarta, ta ce wa mai ɗaukar suna, "Wannan 'yata ce, kada ku ga ɗankwalinmu ya bambanta." Tun ranar take ce min Injiniya.

A cibiyar na haɗu da Malam Yohanna, wanda ya koya mana tsaron intanet da abin da ake kira kilawud, wato ka yi hayar kwamfutar wani babban kamfani da ke can nesa, ka ɗora aikinka a kanta ta intanet. Ranar da na fara kunna irin wannan kwamfutar, wadda ban taɓa gani ba, tana wata ƙasa amma ta amsa min, na dawo gida ina tsalle kamar yarinya. Umma ta ce, "To ita kwamfutar a sama take rataye?" Muka yi ta dariya har wainar ta kusa ƙonewa.

Malam Yohanna yana da magana ɗaya da ya ishe mu da ita. Yakan ce mai tsaro da ɓarawo kayan aikinsu iri ɗaya ne. Kamfani kan ɗauki mai tsaro ya ce ya gwada yaudarar ma'aikatansa don a ga wa zai faɗa, a koya masa. Amma kafin ka taɓa komai, sai mai wurin ya ba ka izini a rubuce, ka gani da idonka. Muna kwaikwayonsa a bayan idonsa: "Ina izininki, 'yammata?"

Ɓarnata ta fara ne daga ƙaramin abu. Matan unguwa suka riƙa kawo min wayoyinsu, wannan ta manta lambar sirri, waccan hotunanta sun ɓace. Sukan miƙo min su tafi girki. Ni kuma idan na gama gyara sai in ɗan leƙa saƙonninsu. Ban faɗa wa kowa abin da na gani ba, don haka na ce a raina ba laifi ba ne. Sai wata ƙawata ta roƙe ni in shiga wayar saurayinta ta ga da wa yake hira. Na shiga. Ta yi ta yayata ni cewa babu wayar da ta gagare ni, ni kuma daɗi ya cika ni.

Ta haka labarina ya kai kunnen wani mutum da kowa ke ce wa Oga. Yana da ofis a saman wani shago, da sanyin na'ura, da magana mai taushi. Ya ce kamfaninsa na gwada ma'aikatan manyan wurare ne kamar bankuna, irin aikin da Malam ya faɗa mana. Abu biyu yake so a wurina. Na farko murya. Ya ce, "Iyaye mata ba sa yarda da muryar ƙato, ke kuwa kin iya gaisuwa." Na biyu in buɗe musu wurin aiki a kilawud da sunana da katin shaidata da lambar wayata, wai don in samu abin nunawa ranar da zan nemi babban aiki. Ya miƙo min sabuwar laftof ya ce tawa ce.

Wallahi tambayar Malam ta zo min har bakina. Na dubi laftof ɗin, na haɗiye ta. Na ɗaukar masa saƙonnin murya iri-iri, na masu zuwa coci daban, na 'yan Islamiyya daban, ina gyara murya ina jin kaina ma'aikaciya. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina wane banki ne ma'aikatansa duk iyaye mata ne 'yan ƙungiya ba.

Washegarin ranar da na ce wa Mama Saratu eh, an riga an ƙwace mata asusun da take hira da shi a waya. Aka bi matan zumuntarsu na coci ɗaya bayan ɗaya da sunanta, wai mota ta buge ta tana asibiti, a taimaka da gaggawa. Mata suka tura abin da suke da shi. Ɗanta ya baro Jos a guje yana kuka a hanya, ya tarar da ita tana tsince wake a ƙofar ɗaki. Daga baya wasu suka fara cewa anya ba da saninta aka yi ba. Ta daina zuwa zumunta. Ina jin ta da safe tana rera waƙarsu ita kaɗai, a hankali.

Na je wurin Oga na ajiye masa laftof na ce na bari. Bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, "Ƙanwata, zauna. Muryar wa ke ciki? Sunan wa ke kan komai? Ni ko lambata ba a sani ba." Sannan ya yi murmushi ya ce, "Jiya na ci wainar Ummarki. Tana da hannu. Wurin nata dai ya cika kusa da titi, Allah ya tsare."

Na ɗauki laftof ɗin na koma aiki. Ba zan yi muku ƙarya ba, watanni na yi ina yi bayan na sani. Na daina zuwa cibiya. Na daina haɗa ido da Mama Saratu, ita kuma takan ce wa Umma, "Injiniya ta rame, aiki ya yi mata yawa, ki riƙa ba ta abinci."

Wata safiya jami'an binciken damfara suka shigo gidanmu, tare da wata mace a cikinsu da ake ce wa Madam. Ba su sha wahalar nema ba, ni na rubuta adireshin da hannuna. Mama Saratu ta fito da zani ɗaya ta tare ƙofa tana cewa, "Me ta yi? Yarinyar nan a gabana ta girma!" Madam ta dube ni. Na durƙusa na ce, "Mama, ni ce a saƙon nan." Ba ta zage ni ba. Ta matsa daga ƙofar kawai, ta dafa bango.

Aka tsare ni a ɓangaren mata na gidan yari ana jiran shari'a. Oga da yaransa sun ɓace, ofishin an kwashe shi tas. Duk zuwan da Madam za ta yi sai ta tambaye ni wa ya sa ni, ni kuma in ce ban san shi ba. Takan ce, "Ke kaɗai za ki ɗauki kayan nan fa." Na fi son in ɗauka da in ji wani abu ya sami Umma a bakin titi.

Wata ranar ziyara aka ce ina da baƙuwa. Na zaci Umma ce. Mama Saratu ce, da kwanon gwaten acca a ƙulle cikin ɗankwali. Na kasa ɗaga kai.

Ta ce, "Kada ki ɗauka na huce. Ban huce ba. Uwarki ce zazzaɓi ya kwantar, na ce abincin ba zai kawo kansa ba. Ci."

Ina ci ina kuka, gwaten yana min gishiri. Ta bari na kusa gamawa sannan ta ce, "An ce kin ƙi faɗin wanda ya sa ki. Wa kike karewa?" Na gaya mata maganar wainar. Sai ta ja tsaki. "Shi ne kika zauna da shi ke kaɗai kamar ba ki da mutane? Uwarki tana da ɗan'uwa a Mando ko ba ta da shi? Gobe zan kwashe ta da kaskonta in kai ta. Ke kuma ki buɗe baki. Akwai wata tsohuwar da za a kira gobe, ita ma tana da 'ya'ya."

Haka ta yi. Ranar da aka tabbatar min Umma tana gidan Kawu, na ce a kira Madam. Na faɗi kamanninsa, da motarsa, da wuraren da yake zama, da yadda aka tsara aikin. A kotu na amsa laifina ban ja ba. Alƙali ya duba zaman da na riga na yi da taimakon da na bayar, ya yi min faɗa mai zafi, ya sake ni bisa sharaɗi.

Na fito, amma ban fita ba. Oga yana waje, kuma ya san wa ta yi magana. A gidan Kawu ko zaure ba na leƙawa. Babur ya tsaya a ƙofa sai in shige bayan gida in kulle. Jirgin sojoji ya wuce ta sama, ƙarar da yaran gidan ba sa ko ɗaga kai dominta, ni sai in zube a ƙasa. Malam Yohanna ya aiko a ce min idan na warware in zo in ƙarasa karatuna, kujerata tana nan. Na yi kuka da na ji, sai dai ban san ko akwai mai ba ni amanar kwamfutarsa kuma ba. Wannan ni na jawo.

Ƙannena, ku koyi aikin nan, yana da kyau, ana kuma buƙatarku a cikinsa. Amma idan mace ta miƙo miki wayarta ta tafi girki, ki gyara abin da ta ce ki mayar mata, kada ki leƙa. Daga nan na fara lalacewa, ba daga ofishin Oga ba. Duk wanda ya ce ki sa sunanki a kan aikin da nasa sunan ba ya ciki, ki tashi ki bar wurin ko me ya miƙo miki. Idan kuwa kin riga kin shiga, ki faɗa wa babba yau. Ni tsoron bayani na minti kaɗan ne ya kai ni gidan yari, ya kuma raba wata baiwar Allah da ƙawayenta. Na roƙi gafarar Allah, na roƙi ta Mama Saratu. Ta ce tana kan hanyar yafe min, in ba ta lokaci. Sauran matan da na kira da "Mama" ban san fuskokinsu ba, sai dai in sa su a addu'a.

Wata ranar Laraba da hantsi, Umma tana jiƙa shinkafar waina, wayar Kawu ta yi ƙara. Ya saurara, ya miƙo min ya ce, "Madam ce." Na karɓa na kara a kunne.

Ta ce, "Kina jina? Mun kama shi, shi da yaransa duka. Yana hannunmu, kotu kuma ta hana beli. Ba ke kaɗai ce shaida ba yanzu, mutane da yawa sun fito. Ki kwantar da hankalinki, babu mai taɓa ki, babu mai taɓa mahaifiyarki."

Na ce, "Madam, don Allah ki sake faɗa." Ta sake faɗa, a hankali.

Na juya na faɗa wa Umma. Ta yi hamdala, ta goge hannunta a zani, ta daɗe tana kallona. Sannan ta ɗauko mayafina daga kan ƙofa ta yafa min da kanta, ta ce, "Yis ya ƙare. Je ki bakin layi ki sayo min."

Na ce, "Ni kaɗai, Umma?"

Ta ce, "Ke kaɗai. Ina nan a zaure ina ganinki."