Tabon da ke damtsen yayana

Shekarun baya can, lokacin gwamnatin Jihar Arewa, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, yayana ya dawo daga karatu a Amurka. Ni na je tarbarsa Tambuwal, don a nan mota take tsayawa. Muka ƙarasa garinmu Kebbe a kan keke, yana tuƙi ina baya da akwati a ka, ina ta ɗaga wa mutane hannu kamar ni na yi karatun.

Damina ce, kuma an sa gayyar noma a gonar mahaifinmu. Samari suka yi ta tsokanar Yaya wai biredi ya kashe masa hannu. Shi kuwa ba ya son raini, ya tuɓe riga ya karɓi fartanya. Bai kai ƙarshen kuyyar da yake nomewa ba aka ga abin: wani harafi a damtsensa na hagu, ya tashi ɓaro-ɓaro, da gani ka san ƙarfe aka gasa aka ɗora masa.

Mahaifinmu manomi ne mai shanu, ya san lalas, wato ƙuna da ƙarfe mai zafi, kuma ya san wa ake yi wa. Ya kira shi gindin tsamiya.

"Mi na wanga?"

Yaya ya ce, "Baba, shaidar wata ƙungiya ta, ta ɗaliban makarantar da niy yi. 'Yan'uwa muka ce ma juna."

"'Yan'uwanka suna nan riƙe da kalme suna noma. Ɗa na aika, ba maraƙi ba. Wa as saye ka da zai yi maka shaida?"

Daga ranar ya daina cin abinci tare da shi. Ga takardar aiki ta zo daga Kaduna, Baba kuma ya rantse ba zai sa masa albarka ba muddin abin nan yana jikinsa. Yaya ya yi bayani har ya gaji, mu kuwa ba mai saurare. Ƙungiyar da muka sani ita ce ta 'yan farauta da ta 'yan siyasa, kuma ba wadda take ƙona mutum. Ana gobe zai tafi, Yaya ya ce a kira wanzami. Aka gasa ƙarfe aka bi kan harafin har ya ɓace. Baba ya sa masa albarka, kowa ya yi murna, har da ni.

Bayan 'yan shekaru Yaya ya zo hutu, sai ga baƙo ya biyo sawunsa. Baƙar fatar Amurka ne, dogo, ya zo aikin haƙa rijiyoyi a Sakkwato, ya yi ta tambaya har aka kawo shi ƙofar gidanmu. Yana ganin Yaya ya rungume shi yana ihu, ya naɗe hannun riga ya nuna nasa harafin, yana jiran Yaya ya nuna nasa. Yaya ya tsaya kamar an dasa shi. Da baƙon ya matsa masa, sai Yaya ya ja hannun rigarsa a hankali. Ba komai sai tabo shafaffe.

Baba yana zaure, ya ce a shigo da baƙo, a kawo fura. Ya ce wa Yaya, "Tambai shi, wa yay yi mishi wagga shaida?"

Yaya da kansa ya yi tafinta, kansa a sunkuye. Baƙon ya ce kakanninsu daga wannan ƙasa aka kwashe su a jirgin ruwa, aka raba su da sunansu da harshensu, ba wanda ya san garinsu. Da jikoki suka samu shiga manyan makarantu, fararen fata suka ƙi karɓarsu a ƙungiyoyinsu, sai suka kafa tasu. Daga cikinta aka samu likitoci da alƙalai da lauyoyin da suka yi ta kai ƙara don a daina ware 'ya'yansu a makaranta. Ba a tilasta wa kowa shaidar, mai so ke yi. Sannan ya nuna Yaya ya ce, shekarar da ciwon huhu ya kwantar da shi cikin sanyin ƙasarsu, su suka yi jinyarsa bi da bi, kuma a ɗakin uwar baƙon ya warke.

 Baba ya kai hannu ya shafa tsagar da ke kumatunsa.

"Ashe tsagar gida ta. Mutanen da anka raba da tasu sunka yi ma kansu wata, sunka ba ɗana." Ya juya gare ni. "Tai ka kira wanzami shi maido ta."

Yaya ya ce, "Ba ta maiduwa, Baba. Gaban 'yan'uwa aka yin ta."

Baƙon ya kwana biyu, Baba ya yanka masa rago, ya raka shi har bakin gari, abin da bai taɓa yi wa ko hakimi ba. Amma Yaya bai ƙara sakewa da abokin nan nasa ba, kunya ta shiga tsakaninsu, zumuncin ya mutu a hankali.

Yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Abin yana ci mini rai har yau. Mu da muke duban fuskar mutum mu faɗi garinsu, mu ne muka kasa gane tsaga don kawai ba a kumatu take ba. Maganar da baƙo ya faɗa muka yarda, ita ce Yaya ya yi ta faɗa mana muka toshe kunne. Bambancin kawai, shi namu ne.