Ƙotar Bahago

Ban taɓa mantawa da ranar da Malam Bello ya shigo shagona da buhun taki a hammata ba. Talata ce, ranar kasuwar Mafara, cikin damina, a shekarun nan da mutum ko fartanya ya saya sai an tambaye shi gonar da zai kai ta. Ku da kuka shigo kafinta daga baya, ku saurara, domin irin wannan aikin zai same ku wata rana.

Dattijo ne fes, malamin firamare da ya yi ritaya, daga Birnin Tudu ta ƙasar Bakura. Muka gaisa, ya tambayi gida da aiki da ruwa, har na fara tunanin gaisuwar kawai ya zo yi. Sai da shagon ya rage mutane sannan ya kwance buhun. Ƙotar bindiga ce, wato itacen da ake tokarewa a kafaɗa, irin ta tsofaffin bindigogin soja. Gara ta ci rabinta. Ƙarfen bindigar kuwa bai zo da shi ba.

"Irin wagga nika so ka sassaƙa min," in ji shi. "Ba sai icce mai tsada ba, ko guntun maɗaci da yar rage maka."

Na ce, "Malam, mi za ka yi da ita?"

Ya ce ta mahaifinsa ce, tsohon soja. Tunda ya bar koyarwa zaman banza ya ishe shi, sai ya ga a waya yadda wasu ke gyara tsofaffin bindigogi don sha'awa, shi ma ya ɗauko ta yana goge tsatsa da kananzir. Sha'awa! A Zamfara, a wannan zamani, mutum ya rasa abin sha'awa sai bindiga. Ko kiwon tantabara ai ya fi.

To, ga yadda aikin yake. Ba a sassaƙa ƙota sai an gwada mai ita, kamar yadda tela ba ya yanka yadi bai auna mutum ba. Na miƙa masa tsohuwar na ce ya ɗora, ya ɗora a kafaɗar dama. Amma ni na riga na ga wurin da kumatu ya goge itacen har ya yi santsi, kuma a ɓangaren bahago yake. Na ce zan yi masa sabuwar daidai da damansa.

"A'a. Ka bar ta ta bahago, yadda take."

Nan zargi ya shige ni. Mutum na-dama yana neman ƙotar bahago, ya baro kafintocin Bakura ya zo Mafara inda ba a san shi ba, ya ɓoye ƙarfe ya kawo itace. Wane bahago ne ke jiran wannan aiki, kuma a wane daji yake? Na ce ya dawo wata Talatar. Yana fita na tura buhun ƙarƙashin benci.

Ashe Lawali mai walda, maƙwabcin shagona, ya gani. Lawali kuwa bakinsa ba ya riƙe ko ruwa. Kafin la'asar ya leƙo ya ce, "Ka ko san 'yan sa-kai sun ji labari? Sun ce in yad dawo a nuna musu shi." Kun san abin da hakan ke nufi. Wanda aka nuna musu a matsayin mai yi wa 'yan daji hidima, ba kullum ake kai ga yi masa tambaya ba. In dattijon nan mai laifi ne, ni ma na shiga uku da na karɓi aikinsa. In kuwa ba shi da laifi, ransa ne a hannun surutun Lawali.

Dokar ƙungiyarmu ta kafintoci a fili take: duk aikin da ya shafi bindiga, ko ta farauta ce, sai an sanar da 'yan sanda kafin a taɓa zarto. Washegari na ɗauki buhun na kai ofishinsu. Aka haɗa ni da wani Sufeto mai furfura, wanda ke sama da saje a muƙami, kuma shi ke kula da irin wannan magana. Ya juya itacen ya ce, "Ba za mu jira Talata ba. In ya dawo kasuwa wasu za su riga mu." Ya yi magana da ofishinsu na Bakura, aka ba shi kofur ɗaya, ni kuma aka ce in bi su tunda ni na san fuskarsa.

Da Malam Bello ya ga motar 'yan sanda a ƙofar gidansa, ni ya kalla, ba su ba. Ya shiga ɗaki ya fito da ƙarfen naɗe a tsohon zani. Sufeto ya ja makullin da ake ɗana harsashi da shi, ya ƙi motsi. Ya leƙa bututun, sai ga zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a ciki. Can ƙasa kuma an narka dalma an toshe tun zamanin da. Wannan abu ko kaza ba zai kashe ba, sai dai a rotsa mata kai da shi.

Sufeto ya ce, "To wane ne bahagon?"

"Baffana," in ji Malam Bello, yana nufin mahaifinsa. "Bahago ne, Allah shi jiƙan shi. Wurin da kumatunai yag goge nika son gani, ko da sabon icce ne."

Kunya ta kama ni, amma na daure na tambaye shi abin da ya kai shi Mafara a ɓoye. Ya ce, "In anka ji akwai bindigar soja gidana, kana zaton mutanen daji za su tsaya leƙa bututu? Ni ma tun jiya ban yi barci ba. Na ga yadda kaka kallona, nic ce wanga kafinta zai sai da labarina."

Ashe zargin da nake yi masa, irinsa yake yi mini.

Sufeto ya ce ko matacciya ce, doka ba ta yarda ta zauna hannun farar hula haka nan ba, dole a tafi da ita. Kofur ya fara naɗe ta a zanin. Malam Bello ya riƙe masa hannu. Jama'a sun riga sun cika ƙofar gida, kowa ya san yau akwai bindiga a gidan.

Ya ce da Sufeto, "Ranka shi daɗe, kada a naɗe ta. A fita da ita a buɗe, a bi ta bakin masallaci da wurin mai shayi, kowa shi ga ta bar gidan ga."

Haka aka yi. Kofur ya ɗaga ta sama ya ratsa gari a ƙafa, dattijon yana tsaye a zaure yana kallon ƙarfen bindigar mahaifinsa yana tafiya. Da bakinsa ya nemi a yi masa haka, don iyalinsa su kwana lafiya.

Abin da na koya shi ne, a wannan sana'a tamu yanzu, wanda ya shigo yana waige-waige ba lallai mugu ba ne, sau da yawa tsoronka yake ji kamar yadda kake jin nasa. Ku kai magana inda za a yi tambaya kafin a yi hukunci, kuma ku yi sauri kafin irin su Lawali su riga ku.

Ƙotar kuwa na sassaƙa ta da guntun maɗaci, ta bahago, na kai masa har gida. Tana rataye a ɗakinsa kusa da tsohuwar, ba ƙarfen da za a sa mata.